Ɗana, motarka ba ta taɓa ɗaukar kaya ba

Wa alaikumus salam. Ɗana, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari ne sai na samu zama, don ba maganar layi biyu ba ce. Ka ce kana zana tsofaffin manyan motoci da fensir, ka kai wa wani tsohon direba zanen Mercedes 911, ya daɗe yana kallo sannan ya ce "ta yi kyau, amma ba ita ba ce," ya kama bakinsa. Kana tambayar inda kuskuren yake, tunda daga hoto ka auna komai.

Na buɗe zanen da ka ɗora, na ƙara masa girma. Hannunka ya fi nawa nesa ba kusa ba, wannan kam babu ja. Ni direba ne: shekara 4 ina karen mota, shekara 27 ina riƙe da sitiyari. Zane kuwa sai da gwiwa ta hana ni taka kuloci sannan na fara, da biro, a bayan tsofaffin takardu. Amma na san abin da dattijon nan ya gani. Ka labta wa motar kaya har ya zarce bodi, ka rufe da tamfol, ka ɗaure da igiya, sannan ka bar gindinta a sama kamar wadda aka sauke wa kaya yanzun nan.

Je ka tsaya gefen babbar mota in babu komai a cikinta. Sifirin na baya, wato faifan ƙarfen nan da aka jera bisa juna, a lanƙwashe suke kamar baka, kuma tsakanin taya da ƙasan bodi kanka ma zai shiga. Da an fara lodi sai su riƙa miƙewa, ratar tana tsukewa, har ƙananan sifirin na sama, masu taimako, su taɓa mazauninsu. Gindi ya zauna, hanci ya ɗan ɗaga. Tayoyin baya, biyun nan da ke manne, su yi tumbi daga ƙasa har su kusa shafar juna. Abin da idon direba ke fara sauka a kai ke nan, domin kowace safiya sai ya kewaya motar yana buga tayoyi kafin ya hau. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Daga nesa nakan gane ko yarana sun yi mini lodin da ya wuce ƙa'ida, tun ban tambayi kowa ba.

Sannan tsohuwar mota ba ta tsayuwa cak. Ko dai sifirin ɗin gefe ɗaya ya gaji, ko kan motar ya ɗan karkata saboda robobin da yake zaune a kai sun mutu. Tawa ta ƙarshe gefen direba take kwantawa, kaɗan, kamar mai sauraron raɗa. Ranar da na fara zana ta a miƙe, ni kaina ban gane ta ba. Da na kwantar da layin rufin da abin da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba a takarda, sai ga ta.

Fuskar kuwa ka kusa kamawa, illa dai ka ja hancin ya yi tsawo. Wannan ƙirar sunanta ma a Jamusanci "gajeren hanci" yake nufi. A 1959 ta fito, lokacin da dokar Jamus ta Yamma ta matsa a kan tsawon manyan motoci, sai kamfanin ya tura wani ɓangare na injin cikin kan motar don bodi ya samu wuri. Shi ya sa hancin yake dunƙule, shi ya sa kuma muke shan zafi a ƙafa. Lambar ma ba ado ba ce. Tun 1963 suka koma ba motocin suna da nauyi da ƙarfi: 911 tana nufin tan 9 da ƙarfin doki 110, 1113 kuma tan 11 da doki 130. Injin da aka fi sani a cikinsu shi ne OM 352, silinda 6 a jere, lita 5.7. An ci gaba da ƙera su har 1995 don kasuwannin waje, an kuma harhaɗa su a Brazil da Ajantina da Iran. Saboda haka idan ka ga hotuna biyu fuskokin sun ɗan saɓa, ba lallai wani ya yi kuskure ba. Zaɓi mota ɗaya, ta shekara ɗaya, ka bi ta. Kada ka ɗauki gilashin wannan ka haɗa da bambar waccan, don direbobi za su kama ka nan take.

Ina zargin kyamarar waya ce ta cuce ka a kan hancin. In ka matsa kusa ka ɗauka, abin da ke gaba kumbura yake yi, na baya ya tsuke. Ja da baya kamar taku 15, ka ɗauka daga daidai tsayin ƙirjinka. In da hali ma ka ajiye wayar ka zauna a gabanta da takarda.

Akwai wasu siraran sanduna biyu a gaban motocin Jamus na wancan zamani, ɗaya a kowane gefe, da ɗan dunƙule a samansu. Ka bar su, wataƙila ka zaci eriya ce. Da su muke sanin iyakar faɗin motar daga kan kujera, in za mu shige ƙofa ko mu gifta wata a kan siririyar gada. Mayar da su, kuma ka lanƙwasa ɗaya kaɗan. Ban taɓa ganin motar da ta yi shekara 10 a hanya sandunanta biyu suna miƙe ba.

Taya ita ce ta fi ba ni wuya da na fara. In kana kallon mota daga kusurwa, taya ba da'ira ba ce, kamar ƙwai take, kuma gajeren faɗinta dole ya bi layin ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. In ka saɓa, sai ta zama kamar za ta fice ta bar motar. Wilin gaba cibiyarsa waje take turowa, na baya kuwa ciki yake lotsawa kamar kwano. Notuna kuma ƙirga su, kada ka yi ƙiyasi: wata 6, wata 8, manyan 10. Wanda ya kwance su da hannunsa cikin dare bai manta adadinsu ba.

Maganar noti ta tuna mini da Bedford, a kanta na yi karen mota. TJ ce, ƙirar Ingila da ta fito a 1958, irin wadda har yau direbobin Pakistan ke ƙawata ta da fenti da sarƙoƙi. Satina na biyu taya ta sace a gefen hagu. Maigidana ya miƙo mini sifana ya koma inuwa. Na saka bututu a hannun sifanar, na hau na yi tsalle, noti ko gezau. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Sai can ya ce, "Kai yaro, ɗaurewa kake yi ko kwancewa?" Ashe notunan gefen hagu juyin hagu ne da su, kamar yadda aka saba a manyan motocin Ingila na lokacin. Da ya goge kan ƙusar da babban yatsa sai ga harafin L a jiki. Har yau in na zana Bedford daga hagu sai na saka wannan ɗan harafin, ko da kuwa babu mai ganinsa sai ni.

Wani yaro ya taɓa nuna mini zanen Magirus-Deutz, wata babbar motar Jamus, an buɗe bonet, direba yana ɗura ruwa a lagireto, tururi na tashi. Kyau kam ya yi kyau, amma dariya ta kusa kayar da ni. Injin Deutz na waɗannan motocin iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto ko kaɗan. Wannan dai a wuce.

Abin da nake so ka gwada na gaba shi ne cikin motar. Kowa waje yake zanawa, alhali mu rayuwarmu a ciki muka yi ta. Sitiyarin faffaɗa ne, siriri, don babu abin da ke taya ka juya shi sai damtsenka, kuma in mota tana tsaye da kaya ba ya motsi sai ta ɗan gangara. Fenti yana cinyewa a wurare sanannu: bakin tagar da gwiwar hannu ke hawa, matakalar ƙofa, kan sandar giya. A nan za ka bar farin takarda, ko ka ɗaga duhun da abin goge fensir. Ni fensir mai lamba HB nake shata layi da shi, 2B na jikin mota, 6B kuma na taya da ƙarƙashin shasi, inda duhun ya kamata ya yi duhu sosai. Naka ƙarƙashin ya yi haske da yawa, shi ma yana cikin abin da ya sa motar take kamar tana shawagi.

A ƙasan Mercedes, kusa da kujera, akwai wani maɓalli da ake takawa da dunduniya. Birkin inji ne: yana toshe hanyar hayaƙi, injin ya riƙe motar a gangara. Farkon ba ni sitiyari da kaya, muka zo wata doguwar gangara, na ɗora ƙafa a birki na ƙi ɗagawa saboda tsoro. Kafin mu kai rabi sai warin ƙuna ya cika kan motar, birkin ya fara laushi a ƙarƙashin ƙafata. Maigidan da nake bi a lokacin bai ɗaga murya ba. Cinyata ya daka, ya ce, "Dunduniya!" Na taka, injin ya yi gurnani, motar ta dawo hannuna. Da muka sauka ya sa na tsaya, ya ce in kai tafin hannuna kusa da wilin baya, kada in taɓa. Zafin kamar bakin murhu. Sannan ya ce giyar da zan hau tudu da ita, da ita zan sauka. Bai ƙara ko kalma ba har muka isa.

Bara na zana wannan wurin kawai: ƙasan mota, matakai uku na kuloci da birki da totur, da maɓallin nan kansa ya goge yana ƙyalli. Babu fuska, babu tambarin kamfani. Wani abokina da muka yi hanya tare ya zo gaishe ni, na miƙa masa. Yana kallo, sai na ga dunduniyarsa ta danna ƙasa a kan tabarma. Bai ma san ya yi ba.

Don haka koma wajen dattijon nan, amma kada ka tambaye shi ina kuskuren yake. Irinmu ba mu iya wannan bayanin ba. Tambaye shi wane gefe motarsa take kwantawa, wace ƙofa ce sai an ɗaga ta take rufuwa, me ya ɗaure da waya. Ka tafi da fensir na biyu, ka ajiye kusa da hannunsa ba tare da ka ce komai ba. In ka gyara zanen ka sake ɗorawa, ka haɗa da wanda ka zana ta bayan motar, ina so in ga yadda ka yi da waigin tokare taya da karen mota ke ratayewa a jikin bodi. Allah ya yi wa hannun albarka.