Muryar WhatsApp: Abin Sha Na Gida Da Zafin Nan

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, barkanmu da zafi. Ƙanwata, na ji saƙonki tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke tun hantsi, cajina saura kaɗan, bari in yi sauri. Kin ce yara sun addabe ki da asir, wato ruwan 'ya'yan itace, na kwali da na gari da ake kaɗawa, maigida kuma yana da ciwon sukari, kina tambayar me za ki riƙa haɗawa a gida da zafin garinmu Gadarif na Sudan ɗin nan da ya haura digiri 40.

To wallahi ba sai kin je nesa ba. Abin da Larabawa ke kira gongoles, ai 'ya'yan kuka ne. Aradeb tsamiya ce, karkade zoɓo, dom kuma goruba. Iyayenmu sun san su tun a ƙasar Hausa, suka zo nan suka tarar da su da wasu sunaye.

Ni kuka na fi so. Ki jiƙa ta a ruwan sanyi kamar awa 2 ko 3, ki murje da hannu mai tsabta, ki tace da rariya. Kar ki dafa ta, don bitamin C da ke cikinta wuta na lalata shi. In kina da nono ki ɗan zuba, yaro ya sha kofi ɗaya ya ƙoshi. Zoɓo ma jiƙa shi nake yi da daddare, da citta da kanumfari, da safe in tace in sa na'ana'a. Ya fi na dafawa launi. Amma yana ɗan sauke jini, mai shan maganin hawan jini kar ta mai da shi ruwan sha. Tsamiya kuwa kin san halinta, in ta yi yawa tana sakin ciki.

Inda muke ɓata abin shi ne sukari. Mu a nan Sudan kofin shayi ɗaya sai a zuba cokali 3, a ce bai ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya wuce wajen giram 50 a yini, ƙaramin cokali 12 ke nan, in ya tsaya a 6 ya fi. Ki lissafa abin da muke juyewa a jug ɗaya na tsamiya, ki haɗa da shayin safe da na magariba. Kuma ba rana ɗaya ake yanke shi ba, yara za su yi miki bore. Ni kowane mako nake rage cokali ɗaya, har yau babu wanda ya gane a gidana.

Batun maigida, kar a ruɗe ki da cewa ai na gida ne. Mangwaro 3 in kika matse a kofi ɗaya kika zubar da tuƙar, zaƙin zalla ya sha, nan da nan sukarin jininsa zai hau. Gara ki yanka masa gwaiba guda ya ci da haƙoransa. In abin sha ne, ki niƙa masa gurji ko kokwamba da lemon tsami da na'ana'a, kar ki tace, kar ki sa sukari. Yara kuma kankana da ɗan lemon tsami, ko karas da lemon zaƙi, zaƙinsu ya isa. Af, babban lemon nan na Kassala mai ɗaci-ɗaci, girib, ba ya jituwa da wasu magungunan hawan jini da na kitsen jini, ya tambayi likitansa tukuna.

Sai ruwa. Kun ga yadda kwalara ta yi da mu a 2024. Ruwan da za ki jiƙa da shi ki tafasa ya huce, ko ki sa masa ƙwayar kulorin. Ƙanƙarar kasuwa ba na jefa ta cikin abin sha, kwalbar nake rufewa in ɗora a kanta, ko in naɗe da jiƙaƙƙen buhu in ajiye gindin randa. Tunda talaja, wato firij, ba tabbas, ki haɗa daidai na yini, wanda ya kwana a zafi a zubar.

In yaro ya fara gudawa, asir ba magani ba ne, zaƙin ma ƙara masa zai yi. Litar ruwa 1 mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kuna hanyar asibiti. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kawai, ko ruwa ba a ba shi.

To waya na gargaɗi. Wadda za ta shiga kasuwa gobe ta duba min kuka mai fari sosai, ta wancan makon duk ƙwari ne a ciki.