Bidiyon ƙarƙashin ruwa yana fitowa shuɗi: filta za a saya ko manhaja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Bukuru ne, ina koya wa yara ninƙaya a wurin wankan wani otal a Jos. Na sayi kyamarar GoPro ta hannu domin in riƙa ɗaukar su a cikin ruwa, amma duk bidiyon sai ya fito shuɗi, fatar yaran kuma ta yi fari-fari kamar an shafa musu toka. Wata mai zuwa za mu je Wikki a Yankari. In sayi jar filtar da ake talla ne, wadda ake ɗorawa a gaban idon kyamara, ko akwai manhajar da za ta gyara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka lafiyarta ƙalau, aikin ruwa ne. Hasken rana haɗin launuka ne, kuma ruwa ba ya shanye su lokaci guda: ja ne yake fara ɓacewa, a wajen zurfin mita 5 ya kusa ƙarewa, sai ruwan lemo, sai rawaya, shuɗi ne kaɗai yake jure nisa. Abin da mutane da yawa suke mantawa shi ne tazarar da ke tsakaninka da wanda kake ɗauka ita ma tana cikin lissafi. Idan yaro yana zurfin mita 1 kai kuma kana nesa da shi mita 4, hasken ya yi tafiyar mita 5 a ruwa kafin ya shigo kyamara. Baƙar fata tana da ja a cikinta, shi ne yake ba ta ƙyalli, don haka da zarar jan ya tafi sai ka ga wannan tokar da ta dame ka.

Shawarata kada ka sayi jar filta yanzu. An yi ta ne domin masu nutso a teku mai shuɗi, daga zurfin mita 3 ko 4 zuwa ƙasa. Wurin wankan otal bai kai nan ba, Wikki kuwa zurfinsa bai wuce mita 2 ba, ga ruwan garau har kana ganin yashin ƙasa. Idan ka saka ta a irin wannan wuri, kusa da saman ruwa komai zai rine ja, sannan filta tana rage hasken da ke shiga, kyamara ta tilasta wa kanta, hoton ya cika da dishi-dishi.

Abin da kake bukata yana cikin kyamarar, wato ma'aunin fari, wanda za ka ga an rubuta WB a sashen Protune. Wannan ma'auni shi ne yake gaya wa kyamara abin da za ta ɗauka a matsayin fari, sauran launuka su biyo baya. Idan ka bar shi yana sarrafa kansa, duk juyin da ka yi sai launi ya canza, bidiyo ɗaya ya zama kala uku, kuma babu abin da ya fi wannan wahalar gyara. Ka tsayar da shi wuri guda. A lambobin wannan ma'auni, hasken rana yana wajen 5500K, a cikin ruwa kuwa ka gwada 6000K ko 6500K, domin ƙara lambar yana ɗumama hoton, ya rage shuɗin. Sannan ka nemi farin faranti na roba, ko murfin bokitin fenti mai tsabta, ka sa ɗaya daga cikin yaran ya riƙe shi a cikin ruwa na daƙiƙa uku a farkon kowace ɗauka, a daidai zurfi da tazarar da za ka yi aiki. Na sha ganin wannan faranti ya yi abin da kayan dubban nairori ba su yi ba.

Amfaninsa yana fitowa ne a kwamfuta. Ka sauke DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design, akwai na kyauta, kuma a harkar launi ya wadatar da kai, sai dai yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. A shafin launi akwai alama mai kama da abin ɗiga maganin ido. Ka taɓa farantin da ita, manhajar za ta mayar da shi fari, sauran hoton ya daidaitu. Daga nan ka buɗe ma'aunin da ke jera ja, kore da shuɗi gefe da gefe, za ka ga ja ya kwanta ƙasa. Ka ɗaga shi a hankali kana kallon fuskar yaro, da zarar fatar ta dawo yadda ka san ta a waje sai ka tsaya, ko da ruwan bai daina shuɗi ba, domin ruwa dama shuɗi ya kamata ya kasance. Amma ka sani, manhaja ba ta ƙirƙiro jan da kyamara ba ta kama ba. Shi ya sa nake cewa ka matso kusa, mita 1 ko ƙasa da haka, ka ɗauka tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, rana tana bayanka.

Roƙo ɗaya kuma, tunda a Jos kake: kada sha'awar gwaji ta kai ka ko yaran kududdufan tsohon haƙar kuza. Zurfinsu ba shi da tabbas, sun ci rayuka, kuma ruwansu ba ya ba da hoton kirki.

TAMBAYA: Ina kiwon tarwaɗa a Kuje, Abuja. Nakan saka wayata a jakar roba in ɗauki kifin domin talla, amma bidiyon kore shar yake fitowa.

AMSA: Hajiya, naki daban ne da na Malam. Koren nan daga gansakukar da ke yawo a ruwan tafki yake, kuma maganin kore ba ja ba ne, majenta ne, wato launin da ke tsakanin ja da shuni. Ba sai kin nemi kwamfuta ba. A manhajar CapCut ta waya, cikin sashen daidaita hoto, akwai layi biyu: ɗaya yana tafiya daga shuɗi zuwa rawaya, ɗayan daga kore zuwa majenta. Na biyun za ki fara ja, kaɗan-kaɗan, har cikin kifin ya koma fari, sannan ki ɗan rage ƙarfin koren shi kaɗai. Kafin ɗauka kuma ki yi amfani da manhajar da ke bari a kulle ma'aunin fari, irin Blackmagic Camera, wadda kyauta ce a iPhone da wasu wayoyin Android.

Idan ruwan ya yi kauri har ba ki ganin tafin hannunki a cikinsa, babu manhajar da za ta taimaka. Ki ɗauka ranar da aka canza ruwa, ko ki kamo 'yan kifaye ki zuba a farin baho mai ruwa mai tsabta a inuwa mai haske. Kuma ki gwada jakar robar da takarda a ciki na minti 10 kafin ki amince mata da wayarki.