Za a cire mini nono: ana iya mayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 38, 'ya'yana uku, biyu daga ciki da aiki aka ciro su. An gano ina da sankarar mama a nonon hagu, an ce za a cire shi gaba ɗaya, bayan nan a yi mini gashi, wato ƙona ragowar cutar da hasken na'ura. Na ji ana cewa ana iya yi wa mace wani nonon, amma wata ƙawata ta ce robar da ake sakawa ita ma tana jawo kansa. Tsoro ya sa har yanzu ban koma an sa mini ranar aiki ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Kafin komai, don Allah ki koma asibiti a makon nan. Ana iya sake gina nono a ranar da aka cire shi, ana iya yi bayan shekara ɗaya, ana iya yi bayan shekara goma. Ƙarin da ke jikinki shi ne ba ya jira. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a asibitocinmu shi ne mata da yawa ba sa zuwa sai cutar ta ci jiki, kuma tsoron rasa nono na cikin abin da ke tsayar da su a gida.

Hanyoyin gina nonon biyu ne: a sa roba, ko a ɗebo nama daga jikinki. Robar silikon da ƙawarki ke nufi, likitoci biyu ne, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara saka ta a birnin Houston na Amurka a 1962. Sau da yawa ba a sa ta kai tsaye, domin fatar da ta rage bayan aiki ba ta da yalwa. Sai a fara sa wata jaka a ƙirji, ana ɗura mata ruwan gishiri da allura kaɗan-kaɗan tsawon makonni har fatar ta miƙe, sannan a musanya ta da robar dindindin.

Maganar ƙawarki tana da tushe, sai dai ta wuce gona da iri. Roba ba ta jawo sankarar mama, ba ta kuma sa wadda aka cire ta dawo. Abin da aka gano shi ne wata kansar ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tasowa a kewayen robar, wadda ba kasafai ake samunta ba, kuma kusan duk da roba mai kaushin baya aka danganta ta. Wannan ne ya sa kamfanin Allergan ya janye wasu robobinsa daga kasuwa a 2019.

A wurinki abin da ya fi damuna shi ne gashin. Jiki yakan yi wa duk wani baƙon abu rufi da siririn tabo, gashi kuwa yana sa tabon nan ya yi kauri ya matse robar, nono ya sandare, ya haye sama, ya riƙa ciwo. Fatar da aka gasa ba ta miƙewa da kyau, rauni a kanta ba ya saurin warkewa. Don haka macen da za a yi wa gashi, ni na fi karkata ga a cire nonon, ta gama alluran kansa da gashinta, fata ta huta kamar wata shida zuwa shekara, sannan a gina mata da naman jikinta, wanda zai zo da jininsa mai lafiya.

Wannan naman, mafi daɗewar wurin ɗebo shi bayan mutum ne. Akwai faffaɗar tsoka da ta tashi daga ƙugu zuwa hammata. Likitan Italiya Iginio Tansini ya yi amfani da ita wajen rufe ƙirji tun 1906. Ana ɗago ta da fatarta ba tare da an yanke jijiyar jininta ba, a zuro ta ta ƙarƙashin hammata zuwa gaba. Aiki ne mai aminci, ba ya buƙatar na'urori na musamman, shi ya sa ya dace da asibitocinmu. Nakasunsa shi ne naman ba shi da yawa, mai cikar ƙirji sai an ƙara mata da roba ko kitse.

Wuri na biyu shi ne mara. A 1982 Carl Hartrampf na birnin Atlanta ya fito da aikin da ake kira TRAM: a ɗauki fata da kitsen ƙasan cibiya haɗe da tsokar ciki, a tura su sama ta ƙarƙashin fata. Nonon yakan yi laushi kamar na asali, amma bangon ciki yana raunana, wasu har ƙaba take fito musu. Don kauce wa haka Robert Allen ya kawo aikin DIEP ga gyaran nono a 1994. A nan ba a ɗaukar tsokar. Ana bin 'yan ƙananan jijiyoyin da suka ratsa ta, a zare su a hankali, a cire naman gaba ɗaya, a kai shi ƙirji a ɗinke jijiyoyinsa da na gefen ƙashin ƙirji a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Faɗin jijiyoyin nan bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, zaren ɗinkin ya fi gashin kai siranta. Aikin yakan ci awa 6 zuwa 8, kuma kwanakin farko ma'aikatan jinya na duba naman kusan kowace awa, domin in jini ya daskare a wurin ɗinkin dole a koma ɗakin tiyata nan take. Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa a ƙasar nan, don haka ki tambayi likitan kai tsaye ko aikin da ya saba yi ne.

Aikin haihuwar da aka yi miki, in yankan a kwance yake ƙasan mara, yawanci ba ya hana ɗebo nama daga can, amma za a so a ɗauki hoton jijiyoyin tukuna. In kina da burin ƙara haihuwa ki faɗa tun da wuri, domin yana iya canza wurin da za a zaɓa. Haka in kina da ciwon suga, ko kuma fatarki mai yin tabo mai kumburi ce, abin da ya fi yawa a baƙar fata.

Ki kuma san iyakar abin. Sabon nonon zai cika miki riga, ya daidaita miki kafaɗu, amma ba ya kawo ruwan nono, kuma jin taɓawa a kansa kaɗan ne. Kan nonon daga baya ake yin sa, da ɗan ƙaramin aiki da zanen allura mai launi. Wata macen kuma takan zaɓi kada a sake taɓa ta, ta riƙa sa nonon roba a cikin rigar mama, wannan ma zaɓi ne mai kyau.

Idan kin koma, ki roƙi likitanki ya haɗa ki da likitan tiyatar gyaran jiki kafin ranar aikin. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da su. Ko da ba ranar za a gina nonon ba, yadda aka ja yankan farko da yawan fatar da aka bari suna sauƙaƙa aikin da zai biyo baya. Ki tafi da maigidanki ko wata 'yar'uwarki, su ji bayanin tare da ke.