Shin abin da cocin Ingila ya yanke ya hau kanmu?

Tambaya: Salama, Malam. Ni ɗan ikilisiyar Angilikan ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Rogo. Ranar kasuwa wani maƙwabcina Musulmi, wanda gonakinmu suke gaba da gaba, ya ce ya ji a rediyo cocinmu ya yarda da auren jinsi a Ingila, ke nan mu ma an ba mu umarni. Na rasa amsar da zan ba shi. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Salama, ɗan'uwa. Maƙwabcinka ya ji wani abu na gaskiya, amma ya auna shi da mudun da ba nasa ba. Angilikan ba su da Fafaroma. Tarayya ce ta larduna fiye da 40, kowanne da shugabansa da kundin dokokinsa. Duk wanda ke kan kujerar Babban Bishop na Kantabari, wato jagoran cocin Ingila, kamar babban wa ne da ake girmamawa, yana kiran taro, yana ba da shawara, amma ba shi da ikon naɗa limami a Rogo ko sauke shi, balle ya sauya muku tsarin ɗaurin aure. Bishop ɗinku yana ƙarƙashin Ikilisiyar Najeriya ne, wadda ta tsaya da ƙafafunta tun 1979.

A 1998 bishop-bishop na Angilikan na duniya suka haɗu a taron Lambet, wanda ake yi kusan duk shekara goma. Suka zartar da ƙuduri mai lamba 1.10, da ƙuri'a 526 a kan 70, cewa aure na namiji da mace ne, kuma tarayyar jinsi ɗaya ba ta yi daidai da Littafi Mai Tsarki ba. A nan ne aka fara ganin nauyin Afirka a fili. Sai dai ƙudurin Lambet ba doka ba ne, shawara ce. A 2002 wata dayosis a Kanada, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, ta amince da sa wa irin wannan zama albarka, a 2003 kuma cocin Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop, alhali yana zaune da abokin zamansa namiji a bainar jama'a. Wannan naɗin ne ya fasa tulun.

Wanda ya fi ɗaga murya a lokacin shi ne Peter Akinola, shugaban cocin Najeriya daga 2000 zuwa 2010. A 2005 Najeriya ta cire sunan Kantabari daga kundinta, ta ce zumuncinta da duk wanda ya riƙe koyarwar asali ne. A 2008 bishop-bishop na Najeriya da 'yan'uwansu na Yuganda da Ruwanda suka ƙi zuwa Lambet, suka kira nasu taron a Urushalima, wanda ake kira GAFCON. A 2022 ma kujerun ƙasashen nan uku babu kowa a kansu. Abin da maƙwabcinka ya ji kuwa ina jin na Fabrairun 2023 ne, lokacin da majalisar cocin Ingila ta yarda a yi wa masu zaman jinsi ɗaya addu'ar albarka. Ba ta yarda a ɗaura musu aure a coci ba, amma shugabanninmu suka ce albarkar ma ta isa. Bayan wata biyu a Kigali suka bayyana cewa sun daina kallon Kantabari a matsayin jagora. Henry Ndukuba, wanda ya daɗe yana bishop a Gombe kafin ya zama shugaba a 2020, yana kan wannan matsayi.

A ganina rigimar ta wuce batun luwaɗi kawai. Tambayar da ke ƙarƙashi ita ce: wa ke da ikon fassara Littafi, kuma wa ke da gidan? Turawan mishan na CMS ne suka kawo wannan coci, Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya tun farkon ƙarni na 20, aikin ya koma Wusasa, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Su ne suka matsa wa kakanninmu a kan mace fiye da ɗaya, har aka hana wasu baftisma. Yau benci ya yi yawa a cocin Ingila, mutane sun yi kaɗan, masu zuwa sujada ranar Lahadi a Najeriya sun ninka nasu sau da yawa. Shi ya sa bishop na Afirka ke cewa: kun ce mu bar al'adarmu saboda Littafi, mun bari, yanzu da al'adarku ta sauya sai Littafin ne zai sauya? Su kuma na Amurka da Kanada suna cewa coci ya taɓa gyara fahimtarsa a kan bauta da matsayin mata, kuma waɗannan mutane 'ya'yansu ne da suka yi wa baftisma, ba za su kore su ba. Afirka ma ba murya ɗaya ba ce, marigayi Desmond Tutu na Afirka ta Kudu ya saɓa wa su Akinola ƙarara.

Akwai kuma abin da Bature a Landan ba ya ji a jikinsa, kai kuwa ka ji shi a kasuwa. Kirista Bahaushe a Kano ko Jigawa yana zaune ne a tsakiyar dangi Musulmi, a jihohin da suka kafa Shari'a tun 2000. Hukuncin da aka yanke a can, shi ake tambaya a nan. Shugabannin Najeriya sun sha faɗa wa takwarorinsu wannan.

Abu ɗaya nake roƙon kada ka bari ya faɗi. Ƙudurin 1998 ɗin nan da shugabanninmu suka riƙe, a cikinsa an rubuta cewa waɗannan mutane Allah yana ƙaunarsu, a saurare su, a yi musu hidima. Ana yawan karanta rabin farko a bar wannan. A ƙauye zargi kaɗai ya isa ya sa a yi wa yaro rubdugu, sau da yawa ma babu hujja sai ƙiyayya. Ba koyarwar coci ba ce, ba ta masallaci ba.

Idan kun haɗu a gona, ka ce masa labarin da ya ji na Ingila ne, cocin Najeriya ya ƙi shi a rubuce, kuma auren da ake ɗaurawa a ikilisiyarku na namiji da mace ne kamar yadda ya saba gani idan kun gayyace shi biki. In yana son ƙarin bayani, ku je wurin limaminku tare.