Tambaya da Amsa: Yaya Aka Yi Rashin Aikin Yi Ya Sauko Zuwa Kashi 4?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ji an ce rashin aikin yi a Najeriya ya sauko daga kashi 33 cikin ɗari zuwa kashi 4, alhali a unguwarmu matasa na nan cike da majalisar mai shayi tun hantsi. Shin alƙaluman gaskiya ne, kuma sun shafi Arewa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alƙaluman biyu duk daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fito: kashi 33.3 na rubu'in ƙarshe na 2020, da kashi 4.1 na rubu'in farko na 2023. Abin da ya sauya a tsakani shi ne ma'auni. A tsohon tsari, wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, amma a sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya cikin kwana bakwai don samun kuɗi ko riba ya shiga sahun masu aiki. Saboda haka saurayin da ya karɓi aron babur ya yi acaɓa da yammacin Juma'a, sauran kwanakin kuma yana zaune, a wurin hukumar mai aiki ne.

Kafin a kira mutum marar aiki sai sharuɗɗa uku sun haɗu a kansa: ba ya aikin komai, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. A ƙasar da ba a biyan marasa aiki alawus, talaka ba shi da halin cika sharaɗin farko, domin idan bai fita ya yi dako ko ga-ruwa ba, ba za a ɗora tukunya a gidansa ba. Wannan ne ya sa kason marasa aiki kan fi yawa a cikin masu ilimi mai zurfi, waɗanda iyaye ke iya riƙewa har a samu gurbi.

Masana sun san wannan giɓi, shi ya sa taron masu ƙididdigar ƙwadago na duniya na 2013 ya tanadi ma'aunai huɗu. Na farko shi ne wanda ake yayatawa, wato na marasa aiki zalla. Na biyu yana ƙara waɗanda aikinsu bai cika musu lokaci ba kuma suna son ƙari, na uku yana shigo da waɗanda za su karɓi aiki idan an ba su amma sun gaji sun daina nema, na huɗu kuma ya haɗa su duka. Rahoton da ya ce kashi 4.1 shi ne kuma ya nuna cewa kashi 12.2 na masu aiki ba sa kai awa 40 a mako alhali suna neman ƙari, sannan fiye da kashi 92 suna sana'o'in da ba su da rajista, inda babu takardar ɗauka balle fansho.

Game da Arewa, ni dai ina ganin ma'auni na biyu da na uku sun fi kusa da abin da kake gani, saboda aikinmu na tafiya ne da damina. Manomin da ba ya samun sararin zama a watan Yuli yakan wayi gari a watan Maris babu abin yi, sai dai ya tafi ci-rani Legas ko Abuja idan babu fadama kusa da shi. Haka nan matar aure da ke soya awara a cikin gida awa biyu a rana, yara na kai mata talla, tana cikin masu aiki ko da ribarta ba ta wuce kuɗin magi ba.

Babu ko ɗaya cikin ma'aunan huɗu da ke duba nawa mutum ya samu. Don haka ka riƙa haɗa su da rahoton talauci na hukumar na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke.