Tun yaushe likitoci suke magani da ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. A asibiti an ce ta riƙa zuwa ana yi mata motsa jiki a cikin ruwan ɗumi. Ita kuwa cewa take wannan ai wanka ne, ba magani ba. Sabon yayi ne, ko yana da asali a likitanci?

Amsa: Wa alaikumussalam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Ki gaya mata wannan magani ya girmi allura da ƙwaya nesa ba kusa ba.

Hippocrates na Girka, wanda aka haifa wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana sa marasa lafiyarsa wankan ruwan zafi ko na sanyi gwargwadon cutar. A shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarkin Rum Agustus ya kwanta ciwo har aka fara fid da rai, likitansa Antoniyus Musa ya sa shi wankan ruwan sanyi, ya kuwa miƙe. Rumawa sun gina gidajen wanka duk inda suka ci da yaƙi. Na garin Bath a Ingila yana nan har yau, ruwansa na ɓulɓulowa daga ƙasa da zafin da ya kai digiri 46. A wajen Musulmi kuma akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa zazzaɓi daga hucin Jahannama yake, a sanyaya shi da ruwa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin amfanin wankan hammam, wato wankan ruwan zafi da tururi a gidan wanka, da illarsa a littafinsa Alƙanun.

Mutumin da na fi girmamawa a wannan tarihi shi ne James Currie, likita a birnin Libaful na Ingila. Kafin shi, kowa faɗi yake ruwa na warkarwa, babu mai aunawa. Shi kuwa sai ya auna zafin jikin mai zazzaɓi da ma'auni, ya kwara masa ruwan sanyi, ya sake aunawa, ya rubuta. Ya wallafa abin da ya samu a 1797. Daga nan ne aka samu hanyar rarrabe zare da abawa.

Amma wanda ya yi tashe wani ne daban, Vincenz Priessnitz, ɗan manoma da bai taɓa karatun likita ba. Yana saurayi keken doki ya bi ta kansa ya karya masa haƙarƙari, ya riƙa naɗe ƙirjinsa da jiƙaƙƙen tsumma har ya warke. Ya buɗe wajen jinya a ƙauyensu Gräfenberg, a ƙasar Cek ta yanzu, har ya kai sama da mutum dubu ke zuwa masa a shekara. Da asuba za a tashe ka, a naɗe ka da jiƙaƙƙen zane, a lulluɓe da bargo sai gumi ya karyo, sannan a tsunduma ka cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara. Daga nan sai tattaki a kan tudu, da shan ruwa. Da yawa sun ji sauƙi, ban musa ba. Sai dai a ganina rabin sirrin shi ne sun kuɓuta daga likitocin zamanin, waɗanda ke tsiyaye wa mara lafiya jini, su ɗura masa magani mai gubar zaiba (makuri).

Akwai kuma abin da ke sosa mini rai. A asibitocin masu taɓin hankali na Turai da Amurka an riƙa ɗaure mutum a baho, kansa kaɗai a waje, ya wuni ko ma ya kwana, da sunan kwantar masa da hankali. Sai da magungunan ƙwaƙwalwa suka fito a shekarun 1950 aka bari.

Irin wanda aka rubuta wa Mama ya samo ƙarfinsa ne daga cutar shan inna. Franklin Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ƙafafunsa sun shanye a 1921. A 1924 ya je Warm Springs ta jihar Jojiya, ya ga a cikin ruwa yana iya tsayuwa ya motsa ƙafa. Bai warke ba, amma ya mai da wurin cibiyar jinya. Dalilin kuwa a fili yake: in ruwa ya kai wa mutum ƙugu, kusan rabin nauyinsa kawai ƙafafu ke ɗauka, in ya kai wuya sai ya koma kamar kashi 10 cikin 100. Ɗumin kuma, wajen digiri 33 zuwa 35, yana sakin jijiyoyi ya rage zogi. Don haka gwiwar da ba ta lanƙwasuwa a tudu sai ta yarda a ruwa, naman cinya ya yi ƙarfi ya tallafe ta.

Ruwan ba zai mayar da guringuntsin da ya cinye ba, kada Mama ta ajiye sauran magungunanta. Kafin ta shiga, ku sanar da mai gashin ƙashin in tana da ciwon zuciya, hawan jini ko miki a jiki. In kuma tana da ciwon suga, duk ruwan da za ta gasa ƙafa da shi a gida ki fara taɓa shi da gwiwar hannunki, don ƙafar mai suga na iya ƙonewa ba ta ji ba.