Amsoshin Tambayoyinku: Gwiwa, Hali da Kwalin Digiri

Tambaya, daga wata ɗiyarmu a Zariya: Malam, wata takwas ke nan da na gama jami'a, tsoron fita neman aiki nake yi. Yayata ta ce ƙarfin hali nake buƙata, ƙawata ta ce ƙwarin gwiwa. Ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Da bambanci, 'yata, ko da yake wasu masu magana a rediyo sun cakuɗa su, abin yana damuna. Ƙarfin hali daga cikin mutum yake fitowa, daurewa ce a yi abin da zuciya ke shakka. Sai dai baki biyu gare shi. In an ce mara lafiya ya yi ƙarfin hali ya tashi, yabo ne. In kuwa aka ce "ƙarfin hali, ɓarawo da sallama," rashin kunya ake nufi. Ƙwarin gwiwa kuwa yawanci ba ka shi ake yi, shi ya sa muke cewa "ya ba ni ƙwarin gwiwa." Ki lura da inda Bahaushe ya ajiye kuzari. Gwiwa ce ke ɗaga mutum daga tabarma, don haka wanda mugun labari ya riska sai a ce gwiwarsa ta yi sanyi, wanda kuma ya kushe maka niyya ya kashe maka gwiwa. Na taɓa ganin wani ɗalibina a bakin ƙofar wani ofis, takardunsa cikin ambulan, sau uku yana kai hannu yana janyewa. Yaron nan kansa yana ja, gwiwar ce ta yi sanyi. Ki nemi ƙwarin gwiwa wajen yayarki, amma ƙwanƙwasa ƙofar, wannan ƙarfin halinki ne.

Tambaya: Me ya kawo wando cikin "zaman kashe wando"?

Amsa: Mai wuni a kan dakali daga hantsi zuwa magariba, ta ina wandonsa zai fara mutuwa? Ta mazauni.

Tambaya, daga Gusau: "Bautar ƙasa" ko "hidimar ƙasa"?

Amsa: Tun da gwamnatin Janar Gowon ta kafa shirin NYSC na masu gama jami'a a 1973, bayan yaƙin basasa, "bautar ƙasa" ta kama bakin mutane. Ni dai "yi wa ƙasa hidima" nake cewa. Bauta da bawa tushensu ɗaya, kuma Allah ake bauta wa.

Tambaya: "Himma ba ta ga rago." Wane laifi ragon layya ya yi?

Amsa: Haba ɗana! Malalaci ake nufi. Sunan dabbar ana jan "ra" ɗinsa, na malalaci ba a ja. Ka saurari Basakkwace, "raggo" zai ce, ba ruɗani.

Tambaya, daga Maraɗi: Ina gyaran waya a kasuwa alhali ina da digiri. In an tambaye ni sai in ce ba ni da aiki. Daidai ne?

Amsa: Kuskure ne, kuma yana yi mini ciwo. Yaushe "aiki" ta koma kujera da albashin ƙarshen wata kaɗai? Manomi aiki yake yi, marini a Ƙofar Mata aiki yake yi, mai ɗaukar dila a Kantin Kwari ma haka. Abin da ke hannunka sana'a ce, kalmar da muka aro daga Larabci, wato abin da aka koya aka ƙware har ake ci da shi. Da can ma da ita ake kiran mutum: Maƙera, Majema, Marina, unguwanni sukutum sun ci sunan sana'ar mazaunansu. Ku da kanku kuke kiran takardar digiri "kwali," sannan kwalin ya hana ku faɗin abin da ke ciyar da ku? Gobe in an tambaye ka, ɗana, ka ce, "Gyaran waya nake yi, ga rumfata can."